Halatta Noman Wiwi a Maroko: Wa Ke Cin Moriyar Doka Mai Lamba 13-21?

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dokar da Maroko ta kafa a 2021 ta halatta noman tabar wiwi domin magani da masana'antu. Hujjar da aka kafa ita ce, dokar ta ba gwamnati da kamfanoni iko a kan amfanin gonar da a da ba su da ta cewa a kansa, amma ba ta taɓa kasuwar da manomin Rif ke ci daga gare ta ba.

Gabatarwa

Wiwi ba baƙo ba ne a tsaunukan Rif da ke arewacin Maroko. A zamanin mulkin mallaka, Faransa ta damƙa cinikin taba da kif, wato wiwi da ake haɗawa da taba, a hannun kamfani guda, kafin ta haramta kif a 1954, yayin da noman ya ci gaba a arewa inda Sifaniya ke iko. Bayan samun 'yanci, dokar 1974 ta tsananta hukunci, amma buƙatar Turai ta fi ƙarfinta. Binciken ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa a 2003 gonakin wiwi sun kai kadada 134,000. Rif ƙasa ce mai duwatsu da gangara, hatsi ba ya yin kirki, aikin yi kuma ya yi ƙaranci.

Yadda aka kai ga dokar

A Disamban 2020, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙwayoyi ta cire wiwi daga rukuni na huɗu, wato na ƙwayoyi mafi haɗari, na yarjejeniyar miyagun ƙwayoyi ta 1961, da ƙuri'a 27 a kan 25. Maroko ta goyi baya, Nijeriya ta ƙi. Wannan ya buɗe ƙofa daga waje. Daga ciki kuwa, zanga-zangar Rif ta 2016 zuwa 2017 ta nuna wa fadar sarki cewa fushin yankin ya kai wuya. Ba a rasa turjiya ba: tsohon Firaminista Abdelilah Benkirane ya dakatar da zamansa a jam'iyyarsa ta PJD saboda ƙudurin dokar. Abin lura shi ne, ma'aikatar cikin gida ce ta kawo ƙudurin, ba ta noma ko ta lafiya ba. Wato tun farko ana kallon lamarin a matsayin na tsaro.

Rabon riba

An taƙaita noman halal ga larduna uku: Al Hoceima da Chefchaouen da Taounate. Dole manomi ya samu lasisi daga hukumar ANRAC mai kula da harkar wiwi, ya shiga ƙungiyar gama kai, ya shuka irin da aka amince da shi, sannan ya miƙa duk abin da ya girbe ga ƙungiyar, ita kuma ta sayar wa kamfanin da ta ƙulla yarjejeniya da shi. Nan ne gizo ke saƙar. Manomin da ya saba ɗan fasa-ƙwauri ya zo har ƙauye ya ɗauki kaya, yanzu sai ya yi ta cike takardu, ya tabbatar da haƙƙinsa a kan gonar gado, ya jira kamfani ya auna, ya yanka farashi. Ba shi da wani mai saye na biyu da zai juya gare shi. Wanda gonarsa ke wajen lardunan uku kuwa, mai laifi ne kamar jiya.

Girbin halal na farko, a 2023, ton 294 ne kacal. Shan wiwi don nishaɗi har yanzu haramun ne, alhali masu shansa a Turai su ne suka ɗaga noman tun asali, don haka kasuwar bayan fage ba ta rasa masu saye ba.

Afuwar da Sarki Muhammad na Shida ya yi wa mutum 4,831 da ake tuhuma da noman wiwi a Agustan 2024 mataki ne da ya dace, domin manomin da ake nema ruwa a jallo ba zai tunkari ofishin gwamnati neman lasisi ba. Sai dai afuwa ba ta ƙara kuɗin kilo. Muddin ƙungiyoyin manoma ba su samu jarin sarrafa amfaninsu da kansu ba, kaso mafi tsoka zai ci gaba da tafiya hannun kamfanonin da ke sarrafawa da fitarwa waje.