Yadda wasiƙun intanet suka shiga cikin gado

A watan Nuwamban 2004 aka kashe wani matashin sojan Amurka a yankin Falluja na ƙasar Iraƙi. Mahaifinsa ya nemi kamfanin Yahoo ya ba shi saƙonnin imel ɗin ɗansa, kamfanin ya ƙi. Hujjarsa ita ce yarjejeniyar da marigayin ya amince da ita ranar buɗe asusun ta tanadi cewa haƙƙin mai asusu yana ƙarewa da mutuwarsa. Sai da wata kotun rabon gado a jihar Michigan ta ba da umarni a Afrilun 2005 kafin aka miƙa wa iyalin saƙonnin.

Shari'ar da ta fi warware batun ta faru ne a Jamus. A 2012 jirgin ƙasa ya buge wata yarinya mai shekara 15 a wata tasha a Berlin. Iyayenta sun so karanta saƙonninta na Facebook don sanin ko haɗari ne ko ita ta halaka kanta. Mahaifiyar tana da kalmar sirri, amma ba ta yi mata amfani ba, domin an riga an mayar da shafin na tunawa da mamaci, an kulle shi. Kotun farko ta ba iyayen gaskiya, ta ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, sannan a Yulin 2018 babbar kotun tarayya ta yanke cewa asusun yana komawa ga magada kamar yadda wasiƙun takarda da littafin sirrin mamaci ke komawa. Abin da Facebook ya miƙa musu bayan haka shi ne fayil ɗaya mai shafi kusan 14,000, wanda da ƙyar za a kira shi biyayya ga hukunci. A 2020 kotun ta sake cewa dole a bar su su shiga asusun kansa.

Ana cikin wannan takaddama kamfanonin suka ƙirƙiro wani nau'in wasiyya. Google ya fara a 2013, Facebook ya biyo a 2015, Apple kuma a 2021, kowanne ya ba mai asusu damar ayyana wanda zai karɓi ragama bayansa. Nauyin ya koma kan mai rai ke nan. Wanda bai ayyana kowa ba, magadansa kan fara ne da takardar shaidar mutuwa, wani lokaci har da umarnin kotu.