Cikin Gidan Rumfa: Yadda Matan Sarki Suka Riƙe Kano

Mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa sun san Sarkin Kano Ibrahim Dabo ta wajen yaƙinsa da Ɗantunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure. Kaɗan ne ke tuna Shekara, matar da ta haifa wa Dabo sarakuna uku: Usman, da Abdullahi Maje Karofi, da Muhammadu Bello. Daga 1846 har 1893 ɗiyan ɗakinta ne ke kan gadon Kano.

Tsarin da ya ɗaukaka ta ya girme ta da shekara fiye da 300. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina fadar Kano, kuma littafin Tarihin Kano ya ce shi ya fara kulle, ya ba babanni sarautu. Sai gidan ya rabu biyu: waje na fadawa da bayin sarki, ciki na matan aure da sa-ɗaka da kuyangi. Jakadiya ce ke kai saƙo tsakani.

Tun farko ciki ya nuna ƙarfinsa. Lokacin da Sarki Abdullahi ɗan Rumfa ya fita yaƙi, wani mai suna Dagaci ya shirya tawaye, kuma mahaifiyar sarkin, Madaki Auwa, ita ta kashe wutar kafin ya dawo. Har zamanin jikanta Kisoki ana jin maganarta.

Masu ganin kulle zaman banza ne sun yi kuskure. Heidi Nast, wadda ta yi bincike a fadar ta fitar da littafi a 2005, ta nuna cewa sa-ɗaka ke lura da hatsin harajin da ke shigowa daga ƙauyuka, har rini suna yi a cikin gida. Wadda rumbu ke hannunta ta san garin da ya yi albarka da wanda fari ya cinye. Suna da shugabanninsu irin su Uwar Soro, ga kuma Mai Babban Ɗaki, uwar sarki.

Amma kada a manta yadda sa-ɗaka suka shigo gidan. Yawancinsu bayi ne, an raba su da iyayensu a yaƙi ko an kawo su gaisuwa, ba wanda ya nemi yardarsu.

Daga baya tsarin ya sauya: Turawa sun ci Kano a 1903, haraji ya koma kuɗi yana shiga baitulmali, dokar 1936 kuma ta soke bauta a Arewa. Sunan Shekara yau yana kan makarantar sakandaren 'yan mata a birnin Kano.