Tkinter

Tkinter manhaja ce da ke zuwa tare da harshen tsara manhajoji na Python. Da ita ake gina tagogi, maɓallai, akwatunan rubutu da sauran abubuwan da mutum ke gani kuma yake latsawa a fuskar kwamfuta. Kowanne daga cikinsu ana kiran sa wijit.

Tarihi

An gina Tkinter ne a kan Tk, wanda John Ousterhout ya ƙirƙira a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Amurka, aka fitar da shi a shekarar 1991. A shekarar 2007 Tk 8.5 ya zo da sabon rukunin wijit mai suna ttk.

Saita halayen wijit

Kowane wijit yana da zaɓuɓɓuka da ke ƙayyade kamanninsa da aikinsa. A maɓalli, text shi ne rubutun da ke jikinsa, command shi ne aikin da zai gudana idan aka latsa shi, state kuma yana nuna ko a buɗe yake ko a kulle. Ana iya ba da su tun lokacin ƙirƙirar wijit ɗin, ko a sauya su daga baya da umarnin configure, a karanta su da cget. Idan aka rubuta zaɓin da wijit bai san shi ba, shirin zai tayar da kuskuren TclError. A ttk kuwa, yawanci ta hanyar Style ake saita launi da siffar haruffa.

Gwaji

Shiri na iya yin kyau a ido alhali yana da aibi, misali maɓallin goge bayanai ya kasance a buɗe a lokacin da ya kamata a kulle shi. Don haka ake rubuta gwaje-gwaje masu gudana da kansu, sau da yawa da unittest. Umarnin invoke yana aiwatar da aikin maɓalli tamkar an latsa shi, kuma ba ya yin komai idan maɓallin a kulle yake. Shi kuwa event_generate yana kwaikwayon danna linzami ko harafi.

Ba a cika kiran mainloop a cikin gwaji ba, domin ba ya dawowa sai an rufe taga. Maimakonsa ana kiran update don a kammala ayyukan da ke jira kafin a duba sakamako. A kwamfutocin Linux marasa allo, ana amfani da Xvfb, wanda ke samar da allo a cikin ma'adanar kwamfuta.