Sarkin da ba a zana ba: iko da kisa a zanen Karabajo na Malta (1608)

A shekara ta 1608 ne Karabajo, mai zane ɗan Italiya, ya zana fille kan Yahaya Maibaftisma (Annabi Yahaya, a wajen Musulmi) domin ɗakin ibada na ƙungiyar Jaruman Malta, a birnin Baleta. Zanen ya fi mita 5 faɗi. Abu guda za mu duba a cikinsa, watau mazaunin mai iko.

Bisa ga Linjilar Markus, sura ta 6, sarki Hirudus ne ya ba da umurnin kisan. Amma babu shi a zanen. Abin da muke gani farfajiyar kurkuku ce mai duhu. Yahaya na kwance, hannuwa ɗaure a baya. Hauni ya riga ya sare shi da takobi, kai bai rabu ba, ya kai hannu baya zai zaro wuƙa ya ƙarasa. Yari, da makullai a ƙugu, yana nuna tasa da yatsa. Wata budurwa ta sunkuya da tasar, tsohuwa ta dafe kai, fursunoni biyu na leƙe ta taga. In banda tsohuwar, kowa aikinsa yake yi.

A matsayinmu na masu nazarin harshe, wannan tsari ya tuna mana da « an » na Hausa, takwaran « on » na Faransanci: « an kashe shi ». Aiki ya auku, aikau ya ɓuya. A ganinmu, masu tsayawa kan jinin kawai sun bar muhimmin abu, domin ƙarfin Hirudus shi ne bai ma buƙaci zuwa wurin ba.

Mutum guda ya ambaci sunansa a zanen, shi ne mai zanen. Cikin jinin da ke malala daga wuyan Yahaya ya sa hannu, da harafin « f » a gaba, wanda galibin masana ke karantawa « fra », ɗan'uwa a ƙungiyar. Ga shi kuwa shi ma mai kisan kai ne: a 1606 ya kashe mutum a Roma, ya gudu, Jaruman suka karɓe shi a Yulin 1608. Bai daɗe ba aka tsare shi saboda faɗa, ya tsere Sisiliya. Ranar 1 ga Disamba 1608, a wannan ɗakin ibada aka taru aka kore shi daga ƙungiyar, ba ya nan.