Rini a Birni, Saiwa a Daji: Tsirran Karkara da Fasahar Tsohuwar Kano

Idan aka ce mai fasaha ya koma karkara ya zauna cikin tsirrai, hankalin wanda ya yi karatun zamani yakan tafi Turai, wurin masu zane irin su Claude Monet, wanda ya tare a ƙauyen Giverny na Faransa a 1883 ya shafe sauran rayuwarsa yana zana lambunsa. A can, birni da daji kishiyoyi ne, mai fasaha sai ya bar ɗaya kafin ya samu ɗayan. Tarihin Kano bai san wannan rabuwar ba. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne marini da majemi da baduku da mai zayyana na cikin ganuwa ba su taɓa buƙatar ƙaura zuwa daji ba, domin dajin yana cikin aikinsu tun asali, kuma sanin tsiro wani yanki ne na fasahar kanta, ba share fagenta ba. Wanda ya yarda da haka dole ya sake duba yadda ake adana waɗannan sana'o'i a yau.

Hujja ta farko ita ce ganuwar. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya buga fassararsa a 1908, ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta a ƙarni na 12, sarakunan baya kamar Muhammadu Rumfa suka faɗaɗa. Ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar gidajen sun taru ne a kudu maso gabas, daga gindin Dala zuwa ganuwa, sauran filin kuwa gonaki ne da makiyaya da kududdufai, yadda idan yaƙi ya tsare mutane a ciki ba za su rasa abinci ba. Kasuwar Kurmi da Rumfa ya kafa ta gaji sunanta ne daga kurmin Jakara, wanda mutanen Barbushe suke girmamawa kafin Musulunci ya kafu. Har gobe Bakano da bishiya yake kwatance: Rimin Kira, Durumin Iya, Cediyar 'Yan Gurasa. Da yawan bishiyoyin sun faɗi, sunayen ne suka rage suna shaida cewa a inuwarsu unguwannin suka tashi.

Hujja ta biyu, wadda ta fi ƙarfi, tana cikin karofi. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, rami ce da ruwa da toka da baba. Ganyen baba ba shuɗi ba ne. Sai an yanke shi a kan kari, an daka, an bar shi ya ruɓe ya bushe, sannan a zuba a rami tare da toka da katsi, wato dattin tsohon rini, a yi ta motsawa kwana da kwanaki har ruwan ya nuna. Marini yana gane nunar ne da wari da kumfa da yadda ruwan yake kama hannu, kuma zanen da ya tsoma yakan fito kore-kore, sai ya sha iska yake rikiɗewa ya zama shuɗi. Kowane mataki a nan hukunci ne a kan abu mai rai: baban bana ya kai na bara ƙarfi ko bai kai ba, tokar wane itace ce, sanyin hunturu ya kwantar da ramin ko zafin bazara ya gaggauta shi. Ramin da kansa ɗan tsiro ne. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya nuna cewa bunƙasar rinin Kano a ƙarni na 19 ta dogara ga laso, wato simintin gargajiya da ake haɗawa da ƙonannen katsi da gashin dabba da yauƙin dafara. Laso ne ya ba da damar a bar manyan tukwane a koma haƙa ramuka masu zurfi da ba sa yoyo, aikin ya yi yawa, farashi ya sauka. Ke nan dattin rinin jiya, da wata igiyar daji mai hawa bishiya, su suka gina masana'antar da Barth ya ga kayanta suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Turkuɗin Kura mai walƙiya, wanda Buzaye suke naɗawa har ya rina musu fata, daga nan ya fito.

Sauran sana'o'in ma haka suke, ba sai an tsawaita ba. Majemi da 'ya'yan bagaruwa yake jima, kuma jar fatar da ta tsallaka Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko da karan dafi ake rina ta. Magini yana shafe bango da makuba, daga ɓawon ɗorawa. Mai zayyanar allo yana feƙe alƙalami daga gamba, ya kama tawadarsa da ƙaro, allon kuma sau da yawa aduwa ce. Harshe ma ya riƙe wannan tarihi. Bahaushe ba ya rasa sunan launi, amma idan yana son ya tantance sai ya koma ga tsiro: ruwan ɗorawa, ruwan goro, ɗanyen haki, da rawaya, wadda sunan tsiron da ake tono saiwarsa don rini ne kafin ta zama sunan launi. Idon da ya raba launuka ta wannan hanya a gona ya yi karatu.

Suka ta farko ita ce, za a iya cewa waɗannan ai ba tsirran daji ba ne, tunda baba shuka shi ake yi. Gaskiya ne ana shuka shi, amma a ƙasar Kano iyakar gona da daji ba ta da kauri. Ɗorawa da bagaruwa da gawo da kanya yawanci ba dasa su ake yi ba, fitowa suke yi da kansu, manomi ya kewaye su da garma ya bar su su girma, har a san mai kowace bishiya, a gaje ta kamar yadda ake gadon gona. Michael Mortimore, da ya yi shekaru yana nazarin karkarar da ke kewaye da birnin, ya nuna cewa yawan jama'a bai share bishiyoyin gonaki ba, domin manoma suna tsaron abin da ke da amfani gare su. Kuɗin majemi na birni yana cikin dalilan da suka sa manomin ƙauye bai sare bagaruwarsa ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Marinin birni ba manomi ba ne, a kasuwa yake sayen shuni, kuma an raba aikin tsakanin manomi da masaƙi da marini da mai bugu. Ina zaman karkara a nan? Amsa ita ce, mafi yawan rinin Kano ba a cikin ganuwa aka yi shi ba. Binciken Shea ya nuna dubban ramuka a garuruwa da ƙauyukan masarautar, Kura na kan gaba, kuma a can mutum ɗaya ne manomi da damina, marini ko masaƙi da rani. Barth ya yaba wannan tsari, inda ya lura sana'ar tana ciyar da iyali ba tare da ta raba su da gidajensu ba, saɓanin manyan masana'antun Turai. Shi kuwa marinin cikin birni, ko bai riƙe fartanya ba, ba zai iya sayen baba da ido rufe ba. Wanda bai san ganye ba zai zuba dukiyarsa a rami ta mutu. Sai dai kada a ƙawata tarihin fiye da yadda yake. Wani ɓangare na audugar da baban nan a gandayen sarakuna da attajirai aka noma shi, da hannun bayi, kamar yadda nazarin Mohammed Bashir Salau a kan Fanisau ya bayyana yadda irin waɗannan gandaye suke. Wannan bai rushe hujjar ba, amma ya wajabta a faɗi cewa da yawa daga cikin waɗanda suka fi kowa sanin tsirran nan ba su zaɓi zaman gandu ba, kuma ba a taɓa kiran su masu fasaha ba.

Suka ta uku daga masana kimiyya take. Tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, kuma sinadarin da ke ba da launin iri ɗaya ne da na baba. Idan launi ɗaya ne, me aka rasa? Marinin da ya koma ga shunin kanti ba abin zargi ba ne: yana da iyali, atamfar waje ta cika kasuwa da araha, mai saye kuma ba ya son jira. Amma abin da ake tambaya ba launin ba ne, ilimin ne. Garin shunin kanti kullum ƙarfinsa ɗaya, awo kawai yake so. Ramin baba kuwa hukunci yake so, kuma hukuncin nan ba a rubuce yake ba, yana wucewa ne daga uba zuwa ɗa a bakin karofi. Idan tsara ɗaya ta tashi ba ta yi aiki da ganye ba, ilimin ya yanke, ko da ramukan suna nan cike da ruwa mai shuɗi. Haka kuma sarƙar da ta haɗa birni da ƙauye takan tsinke: babu mai sayen baba, babu mai noma shi, irin ma sai ya yi wuya. William Morris a Ingila ya ga wahalar wannan tun ƙarni na 19, lokacin da ya shafe shekaru yana neman dawo da rinin tsirrai bayan rinin masana'anta ya kore shi, sai da ya bi tsofaffin littattafai da tsofaffin marina kafin ya kama hanya.

A nan ne tsarin adana kayan tarihi yake da giɓi. An sa ganuwar Kano da wuraren da ke tare da ita a jerin share fage na UNESCO a 2007, ana kai baƙi Ƙofar Mata da Gidan Makama, ana gyara katanga da ƙofa. Duk wannan yana da kyau, amma gini ake adanawa, alhali rabin sana'ar yana gonakin da birni yake cinyewa da fulotai. Ɗorayi, inda Polly Hill ta yi nazarin manoma a farkon shekarun 1970, yau unguwa ce cikin gari. Japan ta bi wata hanya: a yankin Tokushima, hukuma ta sa aikin masu noma ganyen shuni da ruɓar da shi cikin fasahohin da doka ta ce a kiyaye, saboda ta gane marini ba ya tsayuwa sai da su. Kwatankwacin haka a Kano ba ya buƙatar dukiya mai yawa. Yana buƙatar a san ƙauyukan da har yanzu ake noman baba, a tattara irinsa, a haɗa manomansa da marinan birni da ciniki tabbatacce, a sa wa zanen da aka rina da ganye tsantsa wata alama da mai saye zai gane ya biya kuɗinta, sannan sassan nazarin tsirrai da na harshen Hausa a jami'o'in Kano su zauna da tsofaffin marina da majema su rubuta abin da suka sani. J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirran Hausa tun 1916, amma ba duk ilimin littafi yake riƙewa ba. Lokacin yankan ganye, da irin tokar da ta dace, da warin ramin da ya nuna, suna wurin dattawan da suka rage a Kura da Ƙofar Mata, kuma yawancinsu sun manyanta.