Awon Tsawon Siraran Bututun Kabon a Cikin Ruwa

Siririn bututun kabon, wanda masana ke kira nanotub, shimfiɗar ƙwayoyin zarra na kabon ce da ta naɗe kamar tabarma. Sumio Iijima na Japan ne ya fito da bayaninsa a 1991. Kaurin mai bango ɗaya yakan kai nanomita 1 zuwa 2, tsawonsa kuwa yana iya ninka kaurin sau dubbai.

Bututun ba ya shiri da ruwa. Da an zuba shi sai ya dunƙule kamar zaren da ya sarƙe. Ana warware shi da sinadari dangin sabulu, a girgiza ruwan da sautin da kunne ba ya ji. Girgizar nan tana kakkarya shi. Don haka duk adadin tsawon da aka bayar ba tare da faɗin daɗewar girgizar ba, rabin bayani ne.

Tsohuwar hanyar awon tsawon ita ce a ɗiga ruwan a kan fili mai santsi, a busar, a bi bututun ɗaya bayan ɗaya da na'urar duba ƙananan abubuwa ta AFM da aka ƙirƙira a 1986. Aikin yana cin lokaci, kuma bushewa tana sake manna su. Shi ya sa awo a cikin ruwan ya fi. A ruwa bututun ba ya zama wuri ɗaya, domin ƙwayoyin ruwa suna ta tunkuɗarsa, motsin da Einstein ya yi wa lissafi a 1905. Gajere yana da zafin nama, dogo yana da nawa, musamman wajen juyawa: idan tsawo ya ninka biyu, saurin juyin kan ragu kusan sau takwas. Ana haska leza a karanta wannan motsi daga yadda hasken ke warwatsuwa. Sai dai lissafin asali na abu mai siffar ƙwallo ne, dole a gyara shi ya dace da sanda.

Batun ya shafi Kano. Kogin Jakara yana kwashe dagwalon Fagge da Sabon Gari, rafin Getsi ya ƙara masa na masana'antun Bompai, manoman lambu kuma suna ban-ruwa da shi. Nanotub yana cikin abubuwan da ake gwadawa don tsotse gubar ƙarfe daga irin wannan ruwa. Amma a 2008 masana a Edinburgh sun nuna dogaye masu bango da yawa suna haddasa wa ɓeraye kumburi irin wanda zaren asbestos ke jawowa, gajerun kuwa ba su yi ba. Matsakaicin tsawo yana iya ɓoye 'yan dogayen nan, saboda haka rahoton awo sai ya nuna nawa ne gajeru, nawa ne dogaye.