Fanshon da Tsoro Ya Haifa a Jamus

A shekarar 1878, sau biyu ana yunƙurin kashe Sarkin Jamus, Wilhelm na Ɗaya. Shugaban gwamnati Otto von Bismarck ya ɗora laifin a kan 'yan gurguzu, ya sa majalisa ta haramta tarukansu, aka rufe jaridunsu da ƙungiyoyinsu. Sai dai ya san bulala kaɗai ba za ta raba ma'aikata da jam'iyyar 'yan gurguzu ba, tunda duk wanda inji ya cinye wa hannu, shi da iyalinsa sai abin da hali ya yi.

Sai ya ɓullo ta wata hanya. A 1883 aka kafa inshorar lafiya ta dole: ma'aikaci ya biya kashi biyu cikin uku, mai masana'anta ya biya ɗaya, wanda ya kwanta ciwo kuma a yi masa magani, a riƙa ba shi kuɗi har mako 13. A 1884 aka ƙara da inshorar haɗarin wurin aiki, wadda masu masana'antu suka ɗauki nauyinta su kaɗai. Fanshon tsufa da naƙasa ya biyo baya a 1889.

Wannan fanshon fa akwai wayo a cikinsa. Sai mutum ya kai shekara 70 zai fara karɓa, alhali leburorin wancan zamani kaɗan ne ke ganin waɗannan shekarun. Shi Bismarck yana da 74 a lokacin. Sai a 1916 aka sauko da shekarun fara karɓar fansho zuwa 65. Burin Bismarck a fili yake: mai sa ran fansho daga gwamnati ba zai yi gigin kifar da ita ba.

Lissafin bai fita ba. Ma'aikata suka karɓi inshora, suka kuma ci gaba da zaɓen 'yan gurguzu. A zaɓen 1890 jam'iyyar ta fi kowa yawan ƙuri'u, a watan Maris Bismarck ya bar mulki, dokar haramcin ma ta mutu a shekarar.

Tsarin kuwa ya tsallaka iyaka. Ɗan siyasar Birtaniya David Lloyd George ya je Jamus a 1908 ya ga yadda ake tafiyar da shi, Birtaniya ta yi tata dokar inshorar a 1911. Har yau a Jamus daga albashi ake cire kuɗin inshorar lafiya, ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki kowa ya biya kasonsa.